Kofur Haggai da Shafi na Huɗu

Ranar Laraba, sha takwas ga watan Yuni na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran kawuna Kofur Haggai, ƙanen mahaifiyata, a wani asibiti a nan Zuru, bayan jinyar kwana tara. Tsohon raunin da ke ƙafarsa ta hagu ne ya tashi, ya haɗu da ciwon suga, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har gwiwa. Shekararsa hamsin da bakwai. Ya bar mahaifiyarsa da rai, da yayarsa Keziah wadda ta haife ni, da mu ʼyaʼyan ʼyanʼuwa. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Mun binne shi ranar Jumaʼa a bayan gida, kusa da kabarin mahaifinsa.

Yau kwana goma sha biyu ke nan da binnewar. Na jira in ga ko wani cikin waɗanda suka yi karatu zai rubuta masa ko da layi biyu ne, kamar yadda ake yi wa kowane tsohon soja a garin nan. Babu wanda ya rubuta. Ni a aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya, sanaʼata kabu-kabu, don haka wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Kawu, da kai zan yi magana, amma ina so mutanen gari su ji.

Na buɗe ido na gan ka cikin kaki. Idan ka zo hutu daga bariki, yaran unguwa mukan bi ka har ƙofar gida don mu taɓa takalminka. Ka yi shekara goma sha takwas kana aikin soja, ka je Saliyo, can aka harbe ka a ƙafa. A shekarar 2008 ka dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya, ba ka koma ba. Aka ce mana ƙafar ce ta hana ka aiki. Kowa ya yarda, domin kowa yana ganin ɗingishin.

Lokacin da na shiga golmo, wato noman da saurayi ke yi wa gidan surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata, mahaifina ya riga ya rasu, abokaina kuma yawancinsu sun tafi birni neman kuɗi. Ranar farko mu uku kacal muka isa gonar a Dabai. Kafin rana ta ɗaga sai ga ka da garma a kafaɗa, kana jan ƙafa, dattijo a cikin aikin samari. Ka tsaya ka dubi huɗar da na yi, ka ce, “Ɗan Keziah, wannan huɗa ce ko sawun maciji? In ka ci gaba haka, akuya surukinka zai ba ka, ba ʼya ba.” Ka karɓi layina ka gyara shi. Damina huɗu ba ka fasa zuwa ba. Na lissafa samarin da ka yi wa haka a danginmu, mu shida ne. Kai da ba ka taɓa yi wa kanka golmo ba, guminka yana cikin auren mutum shida.

Shekarar da ʼyan bindiga suka tashi ƙauyukan wajen Dirin Daji, mutane suka cika garin nan da tabarmi da tukwane a kai. Ka tarar da wata mata, Altine, zaune a bakin tasha da ʼyaʼya uku, an kashe mijinta an kore shanunsu. Ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba. Ka kawo ta gida, ka kwashe kayanka daga ɗakinka ka ba ta mabuɗi, kai ka koma rumfar da muke ajiye dawa. Wata bakwai kana kwana a can, har ruwa ya sauka. Mama ta yi faɗa ta ce sanyi zai shiga ƙafar, ka ce mata ai ka kwana a rami da ruwa har ƙugu, rumfa kuwa otal ce.

Duk wanda ya yanke da lauje ko ya faɗi a babur a unguwar nan, wurinka ake fara kawo shi kafin asibiti. Ka san ɗaurin rauni, hannunka ba ya rawa, kuma ba ka taɓa karɓar ko goro ba.

Amma akwai abin da na daɗe ina lura da shi ban tambaya ba. Tsofaffin sojojin unguwarmu suna da benci a ƙarƙashin mangwaro, kusa da mai shayi. Kana zama da su, kuna dara, kuna zagin juna. Idan wata ya ƙare, wayoyinsu suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya, alamar fansho ya shiga, sai ka miƙe ka ce za ka je ka duba gona. Taka wayar ba ta taɓa ƙara ba. Ranar tunawa da sojoji kuma, idan suka sa hulunansu suka tafi fareti, kai ba ka zuwa. Sau ɗaya a shekara kana sa in kai ka tasha da wata jakar leda mai kauri a hammata, ka tafi Abuja, ka dawo bayan kwana huɗu ka ce, “Sun ce a dawo.” Haka kawai. Idan aka tambaye ka, sai ka ce takardunka ne suka maƙale a wani ofis. A garin da kowane gida yake da wanda takardunsa suka maƙale, ba wanda ya ga abin mamaki.

Shekara uku da suka wuce na kai ka Mahuta gaisuwar mutuwa. A hanyar dawowa taya ta fashe, muka tura babur zuwa wurin mai faci, muka zauna a gindin ɗorawa muna jira. Nan ka ce da ni, “Kai ba yaro ba ne yanzu. Ba ƙafa ce ta fitar da ni daga soja ba. Korata aka yi.”

Ka ce wani ne ya kai rahoto cewa akwai abin da ke tsakaninka da wani soja ɗanʼuwanka namiji, irin abin da ke tsakanin miji da mata. Aka kira ka gaban manya. Ka ɗauki maganar duka a kanka, ka ce wancan bai san komai ba, kai kaɗai ne. Aka sallame ka ba fansho, ba kuɗin sallama, ba katin asibiti. Shi aka bar shi ya ƙarasa aikinsa, ya yi ritaya, ya dawo yankin nan da iyalinsa.

Na tambaye ka, to me kake zuwa yi Abuja? Ka ce kana roƙo ne a dubi shekara goma sha takwas da jinin da ka zubar, ko da katin asibiti ne a ba ka saboda ƙafar, ko ɗan abin da za ka riƙe Kaka da shi. Kullum amsa ɗaya ce: ka kawo takardun shariʼar cikakku. Takardun shafi biyar ne. Kai kuma huɗu kake kaiwa. Shafi na huɗu shi ne rahoton da aka kai, kuma a cikinsa sunan mutumin yake, da lambarsa. Idan aka sake buɗe maganar, za a kira shi, za a iya tsayar da fanshonsa, labari kuma zai riga shi isowa gida.

“Mutum ɗaya ya rasa, ya isa,” in ji ka. “Ba sai mun zama biyu ba.”

Na ce to ka ƙona shafin mana. Ka dube ni kamar na ce ka ƙona coci. Ka ce soja ba ya ƙona takardar gwamnati, ko ta yanka shi ce. Haka aka koya muku, haka ka riƙe. Shafin yana cikin jakar tare da sauran, a ninke, sai ranar tafiya kake zare shi ka bar shi a akwati. Ban taɓa buɗe shi ba, ba ka kuma taɓa faɗa mini sunan ba. Ina so a ji wannan da kyau: ban san sunan ba.

Bara muna sauraron rediyo a ƙofar gida, aka ce a wata ƙasar Turawa gwamnati ta nemi gafarar sojojin da aka kora saboda irin wannan dalili, har za a biya su haƙƙinsu. Ka rage muryar rediyon, ka yi dariya kaɗan, ka ce, “Can ke nan. Nan in ka je karɓa, sai dai a ƙara maka da sanda.” Sannan ka ce in miƙo maka man zafi.

Yanzu zan faɗi abin da ya faru ranar Jumaʼa, ko da yake rabin garin yana wurin.

Tsofaffin sojojin unguwarmu suna da alʼadarsu. Idan ɗayansu ya mutu, suna zuwa da huluna da tuta. Kafin a lulluɓe akwatin gawa da tutar, iyali sukan miƙa takardun aikin mamaci, sakataren ƙungiya ya karanta su a gaban jamaʼa, yana juya su zuwa Hausa layi bayan layi, don tsofaffi da yara su ji inda ɗansu ya je da abin da ya yi. Abin alfahari ne. Gidan da bai miƙa takarda ba, shi ake yi wa kallon yana ɓoye wani abu.

Na san wannan alʼada tun ina yaro. Na san abin da ke cikin jakar. Amma da safen nan ina bayan gida tare da masu haƙa kabari, ƙasa ta jiƙe tana zubewa, hankalina yana can. Ban tuna ba. Wannan laifina ne, Kawu, kuma zan ɗauke shi har in zo inda kake. Mama ba ta iya karatu ba. Ta buɗe akwatinka, ta ga jakar da ka fi tattali a duniya, ta goge ta da bakin zaninta, ta kai wa sakatare da hannu biyu.

Sakataren shi ne Baba Philemon, dattijo mai shekara sabaʼin da wani abu. Ba da mugunta ya yi ba, na shaida. Shi dai ba ya duba gaba kafin ya fassara. Abin da idonsa ya sauka a kai shi bakinsa ke faɗa, haka ya saba shekara ashirin. Ya karanta ranar da ka shiga soja. Ya karanta Saliyo, mata suka yi guɗa. Ya karanta raunin. Na iso daga bayan gida da laka har gwiwa daidai lokacin da ya buɗe shafi na uku, na ga jakar a hannunsa, kafin in ratsa jamaʼa ya riga ya fara karantawa.

Ya ce, “An sallame shi daga aiki ba tare da wani haƙƙi ba, saboda an same shi da laifin neman namiji, shi da wani soja mai suna...” Ya juya shafi. Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya rufe takardun ya sa a hammata.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba a gidan mutuwa. Ana jin kajin maƙwabta. Mutum biyun da suka riga suka buɗe tutar suka tsaya da ita a hannu, suka dubi juna, suka naɗe ta. Tsofaffin suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya sara maka. Jamaʼa suka bi su. Fasto ya yi adduʼa gajeriya, idonsa a ƙasa. Mu tara muka sa ka a rami, cikinmu har da babban ɗan Altine. Ita kanta Altine tana zaune kusa da Mama, wata mata ta ja ta ta ce ta tashi su tafi, ta ce, “Ni ban san takarda ba. Wanda ya ba ni ɗaki na sani.”

Kaka ba ta ji sosai yanzu, Hausarta ma kaɗan ce. Ta ga an buɗe tuta an kuma naɗe. Ta tambayi Mama dalili, Mama ta ce hadari ne ya taso, ana tsoron kada ta jiƙe. Har yau kullum da safe sai ta tambaya ko sojojin za su dawo da tutar, tunda an yi kwana biyu ba ruwa.

Ni ban yi karatun da zan yi gardama da Fasto ko liman ba, kuma ba don gardama na ɗauki biro ba. Abin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa, Mahaliccin ya fi mu saninsa, kuma ka riga ka isa gabansa. Abin da ya hana ni barci yana nan a duniya.

Tun daga ranar, garin nan ya shiga lissafi. Ni ɗan kabu-kabu ne, ina ɗaukar mutane, suna magana a bayana kamar ba ni da kunne. Ana lissafa waɗanda suka yi bariki ɗaya da kai. An samu mutum biyar. Ana lissafa wanda ya fi zuwa gidanmu, wanda ya zo duba ka a asibiti sau biyu, wanda ya yi kuka ranar da ka mutu, wanda ya fara fita ranar Jumaʼa da wanda ya fita ƙarshe. Bencin ƙarƙashin mangwaro babu kowa a kansa yanzu, kowa yana tsoron a ga wanda ya zauna kusa da shi. Ɗaya daga cikin biyar ɗin ya wayi gari an jefi kwanon rufin shagonsa da duwatsu. Wani kuma an mayar masa da kayan gaisuwar da ɗansa ya kai gidan yarinya. Samari uku sun tare ni a gidan mai, waɗanda na san iyayensu, ɗaya ma ka taɓa ɗaure masa hannu, suka ce, “Kai ne kake kai shi tasha. Faɗa mana ɗayan, mu huta.” Na ce ban sani ba. Suka ce za su sani. Ba su ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Takardun sun kwana biyar a hannun ʼyan kwamitin ƙungiya. Ranar Laraba da laʼasar Baba Mode ya zo gidanmu. Shi ma tsohon soja ne, Musulmi, ya girme ka da shekara goma, kun yi Saliyo tare. Ya zo shi kaɗai, da hularsa a aljihu. Ya ce in kai shi bayan gida. Da muka isa kabarin ya fitar da hular ya sa, ya haɗa ƙafa, ya sara, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, “Shi ya ɗauko ni a bayansa da harsashi a tasa ƙafar. Ranar Jumaʼa na bi mutane na fita. Na ji kunya, ɗana.”

Ya miƙo mini jakar. Na buɗe a gabansa na ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, biyar.

Na ce, “Baba, kai ka cire?”

Ya ce, “Da ni na cire da na gaya maka, ka kwanta da daɗi. Haka aka ba ni ita. Philemon ya rantse cikakkiya ya ajiye. Hannu bakwai ta bi.”

Na tambaye shi ko ya san sunan. Ya ce bai duba ba, kuma ba ya son sani. Ya ce Baba Philemon bai fita daga ɗaki ba tun ranar, ya ce ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Amma takarda ba ta rantsuwa. Tana aljihun wani a garin nan yau, kuma kowace waya tana ɗaukar hoto.

Saboda haka, kai da shafin yake hannunka, da kai nake magana yanzu. Ban san ka ba, ba kuma nemanka nake yi ba. Wataƙila ka cire shi ne don ka rufa asiri. In haka ne, Allah ya rufa naka, ka ƙarasa aikin, ka sa shi a murhu. Wataƙila kuma kana ajiye da shi ne har ranar da za ka yi fushi da mai sunan, ko ranar da samarin nan za su zo maka da magana mai daɗi. In haka ne, ka san abin da ka riƙe. Shekara goma sha bakwai kawuna ya zauna ba fansho, ba katin asibiti, yana sayen maganin ƙafa da kuɗin dawa, don kada a ga wannan shafin. Ƙafar da ta kashe shi, da an duba ta da wuri, da wataƙila yana zaune a ƙofar gida yanzu. Da ransa ya biya. Ka san garin nan, ka san abin da taron samari ke yi idan aka nuna musu ƙofar gida, kuma ka san ba sa tsayawa su tambayi su wane ne a ciki.

Mu iyalinsa mun zauna mun yanke shawara. Ba za mu nemi komai daga Abuja ba, ko sisi. Ba ma buƙatar shafin. Kada ka dawo mana da shi. Kawu ya ce soja ba ya ƙona takardar gwamnati. Ni ba soja ba ne: sauran huɗun na ƙona su jiya a gaban Mama. Saura naka.

Kawu Haggai, Ubangiji ya ji ƙanka. Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya auna ka da maʼaunin jinƙansa, ba da namu ba. Ya tuna maka rumfar dawa, da gonakin Dabai, da raunukan da ka ɗaure. Ya ba ka hutun da ba ka samu ba a nan. Ka yafe mini safiyar Jumaʼa.

Ina miƙa taʼaziyya ga Kaka, Allah ya sa ta gama kwanakinta ba ta ji abin da zai karya mata zuciya ba. Ga Mama Keziah, wadda ba ta daina cewa hannunta ne ya jawo ba. Mama, da ƙauna kika miƙa, Allah ya gani. Ga Altine da ʼyaʼyanta, ga Baba Mode, ga Baba Philemon, Allah ya sanyaya masa. Ga mutum huɗun da ake zargi ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, Allah ya kare ƙofofinsu.

Akwai kuma mutum ɗaya da ba wanda ya je ya yi wa gaisuwa, shi ma ba zai iya zuwa ya yi mana ba. Ban san sunanka ba. Ina yi maka taʼaziyya. Kada ka zo gidanmu, kada ka je kabarin, akwai masu kallon hanya. Allah ya ba ka haƙuri, ya tsare ka, ya tsare ʼyaʼyanka. Amin.